Ambaton Mashahurai Bayan Mutuwarsu

Ya ku 'yan'uwa waɗanda kuka shigo hanyar Almasihu kwanan nan, da ku kuma da ku ke tsaye a bakin ƙofa kuna tambaya tukuna, darasinmu na wannan karo a kan harshe ne, watau abin da ya kamaci mai bi ya faɗa sa'ad da wani mashahurin mutum ya mutu. Ba maƙwabci mu ke nufi ba, ko ɗan'uwa na jini, gama waɗannan zuciya da kanta ta kan koya wa mutum abin faɗa. Muna nufin irin mutanen nan da duniya duka ta san sunansu, mawaƙi, ko ɗan wasa, ko babban mai wa'azi, waɗanda ba mu taɓa sa hannu a akushi ɗaya da su ba, amma in aka sanar da rasuwarsu a rediyo sai ka ga gari ya yi tsit, kamar an yi rashi a ko wane gida.

Kun dai ga abin da ya kan faru. Tun ba a gama haƙa kabari ba mutane su kan rabu biyu. Waɗansu su zama maroƙa, su yi ta kambama mamacin har su ɗora shi inda ba a ɗora ɗan Adam. Waɗansu kuwa su zama masu zambo, su tono dukan abin kunyar da ya taɓa yi su shanya a rana, suna murna kamar sun ci kasuwa. A dā a dandali a ke yin haka, ko a gindin itace da maraice, magana ta mutu inda aka yi ta. Yau ko wane yaro da wayarsa a hannu, abin da ya rubuta a Jos kafin ya ajiye wayar an karanta shi a Kumasi. Sabon mai bi fa ya kan tsaya tsakanin taron nan biyu bai san inda zai sa ƙafa ba. In ya yi yabo yana tsoron ya yi ƙarya, in ya ambaci laifi yana tsoron a ce ya ci naman gawa.

Bari mu ɗauki mutum guda wanda ko a ƙauye an ji sunansa, watau Diego Maradona, ɗan ƙwallon ƙafa na ƙasar Ajantina. An haife shi ran 30 ga Oktoba, 1960, ya tashi a Villa Fiorito, wata unguwar matalauta a gefen birnin Buenos Aires. Saura kwana goma ya cika shekara 16 ya fara buga wasa tare da manya. A 1984 ya koma Napoli, wani birni a kudancin Italiya wanda mawadatan arewacin ƙasar su ke rainawa, ƙungiyar garin kuwa ba ta taɓa cin gasar ƙasar ba ko sau ɗaya. Tare da shi ta ci a 1987, ta sāke ci a 1990. A tsakanin nan, a 1986, ya jagoranci ƙasarsa ta ɗauki kofin duniya a Meziko. Wanda bai san zafin raini ba zai ce ai wasa ne kawai. Amma talakan Napoli da aka daɗe ana kira da sunayen wulaƙanci, ran nan ya ɗaga kai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya daɗe a sunkuye.

Ga kuma ɗaya gefen. Ran 22 ga Yuni, 1986, cikin wasa da Ingila, ya jefa ƙwallo a raga da hannu, alƙalin wasa bai gani ba, aka ƙidaya ci. Da aka tambaye shi bayan wasa sai ya jingina abin ga hannun Allah, watau ya ɗauki sunan Maɗaukaki ya lulluɓe maguɗinsa da shi, abin da doka ta uku cikin Dokoki Goma ta hana. Minti huɗu bayan cin nan na hannu ya ɗauko ƙwallo tun daga ɓangarensu na fili, ya wuce mutum biyar, ya ci wanda har yau a ke cewa da wuya a sāke ganin irinsa. Ku duba fa, mutum ɗaya, rana ɗaya, fili ɗaya, ha'inci da gwaninta minti huɗu ne tsakaninsu.

A 1991 aka sami hodar iblis a jikinsa, aka dakatar da shi wata 15. A farkon 1994 ya harbi 'yan jarida da bindigar iska a ƙofar gidansa, ya ji wa waɗansu rauni, daga baya kotu ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Dattawa cikinku za su tuna ran 25 ga Yuni, 1994, sa'ad da Ajantina ta ci Nijeriya biyu da ɗaya a Amurka, aka ga wata ma'aikaciya ta riƙe hannunsa tana fita da shi daga fili zuwa wurin gwaji. Aka sami haramtaccen magani a jikinsa, aka kore shi daga gasar, bai ƙara buga wa ƙasarsa ba. Akwai kuma ɗa da aka haifa masa a Napoli a 1986. Ya yi musun yaron, kotun Italiya ta tabbatar a 1993 cewa nasa ne, amma bai karɓe shi a bainar jama'a ba sai 2016, sa'ad da yaron ya kusa shekara 30.

Ya mutu ran 25 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 60. Ƙasarsa ta yi makoki na kwana uku, aka ajiye gawarsa a fadar shugaban ƙasa, jama'a ta yi cincirindo har aka yi arangama da 'yan sanda. Cikin 'yan kwanaki mutanen Napoli suka sāke sunan filin wasansu. Dā sunan Manzo Bulus ne a kansa, aka cire, aka sa na Maradona. Tun ma yana da rai, a 1998, waɗansu a birnin Rosario sun kafa abin da suka kira ikkilisiyarsa, suna ƙidayar shekaru daga ranar haihuwarsa, sun juya Addu'ar Ubangiji sun sa sunansa a ciki. Su kan ce raha ce. To, raha da abu mai tsarki ta kan fara da dariya, ƙarshenta kuwa mutum ya rasa bambanta tsakanin Mai bayarwa da wanda aka ba.

A kwanakin makokin nan mutum biyu suka ƙi bin taro. Ɗaya shi ne Peter Shilton, mai tsaron gidan Ingila wanda aka ci da hannu. Ya yarda mamacin gwani ne wanda bai taɓa karawa da kamarsa ba, amma ya ce abin da ke damunsa shi ne mutumin bai taɓa neman gafararsa ba. Ɗayar kuwa wata 'yar ƙwallo ce a ƙasar Sifen. Da aka ce a miƙe a yi shiru na minti guda domin girmama shi, sai ta zauna a ƙasa ta juya baya, saboda ƙarar da aka sha yi a kansa ta cin zarafin mata. Aka yi ta aika mata da zagi, har da barazanar kisa. Ku lura da wannan da kyau: mutane sun yi shirin kashe mai rai domin kāre sunan matacce.

Yanzu sai tambayar da ku ke yi, yaya za a auna mutum irin wannan? Abin da yawancin mutane su kan yi shi ne lissafin ɗan kasuwa. Su tara alherin a gefe guda, su tara laifin a gefe guda, su ɗebe ƙarami daga babba, abin da ya rage su ce shi ne mutumin. Sai ka ji ana cewa, ai ya faranta wa miliyoyi rai, mene ne ɗan abin da ya yi? Lissafin nan yana da daɗin ji, amma akwai rami a cikinsa.

Ku ɗauka wata mace ta auno shinkafa mudu guda, ashe mai awo ya zuba tsakuwa cikin tafin hannu a ciki. Shinkafa ta fi tsakuwa yawa nesa ba kusa ba, gaskiya ne. Mutum tara a gidan suka ci suka ƙoshi suna yabon girki. Na goma kuwa ya tauna tsakuwa, haƙorinsa ya karye. Shin mutum taran nan suna da ikon su ce masa, yi shiru, ai shinkafar ta fi yawa? Haƙorinsa bai san wannan lissafi ba. Haka al'amarin mashahurai ya ke. Daɗin ya tafi wurin jama'a mai yawa, cutar kuwa ta sauka a kan waɗansu mutane ƙalilan masu suna, masu fuska: yaron da ya girma yana ganin ubansa a talabijin yana musunsa, da ɗan jaridan da aka harba, da mai tsaron gidan da aka cuta a gaban duniya. Murnar da ni na yi ba ta biya yaron nan shekarunsa ba. Bashin da ba kai ka ke bi ba, ba ka da ikon yafe shi. Wanda ya yafe bashin wani ba tare da izininsa ba, shi ma ya shiga cikin cutar.

Amma kada masu zambo su yi tsammani mun shiga sahunsu. Su ma lissafin nan su ke yi, sai dai sun juya shi, suna cewa tun da akwai tsakuwa ashe babu shinkafa. Wannan ma ƙarya ce, butulci ne kuma. Gwanintar da ke ƙafar mutumin nan ba shi ya halicce ta ba. Allah ne ya ke rarraba baiwa, ya kan ba mai kirki ya kuma ba marar kirki, kamar yadda ya ke aiko da damina a gonar kowa. Wanda ya ga baiwa ya yi musunta domin yana ƙin mai ita, ya raina aikin Mai bayarwa. Ban da haka kuma, yawancin ɓarnar Maradona a kan kansa ta sauka. Shaye-shaye ya cinye zuciyarsa, a shekara ta 2000 ya kusa mutuwa, aka kai shi Kuba jinya. A 2001, ranar da aka yi masa wasan ban kwana, ya tsaya gaban taro yana kuka, ya ce ya yi kuskure ya kuma biya, kada a ɗora wa ƙwallo laifinsa. A 2005 ya faɗa da bakinsa a talabijin cewa da hannu ya ci. Mutumin da jaraba ta ɗaure abin tausayi ne, mu kuwa da aka cece mu daga namu igiyoyin bai kamata mu tsaya a kan kabarinsa muna tafi ba. Laifi tudu ne, in ji mutanenmu, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma awon da ba namu ba ne sam, watau na makomar mutum. Da yawa cikinmu mun tashi da tunanin cewa ran ƙarshe za a ɗora ayyuka a mizani, gefen da ya rinjaya shi ne rabon mutum. Bishara tana koya mana wani abu dabam, cewa babu wanda alherinsa zai isa ya fanshe shi, ceto kyauta ce ta wurin Yesu Almasihu ga wanda ya tuba ya ba da gaskiya. Ku tuna da ɗan fashin nan da aka gicciye kusa da Ubangijinmu, wanda Luka ya ba da labarinsa. Da mutanen Urushalima aka tambaya da sun ce sun san makomarsa sarai, da kuwa sun yi kuskure, gama abin da ya wuce tsakaninsa da Mai Ceto a sa'ar ƙarshe ya sha bamban da abin da suka sani. Saboda haka mai bi ba ya cewa wane yana wuta, ba ya kuma rabon kujeru a sama domin mutum ya iya waƙa ko ƙwallo. Abin da aka bar mana shi ne mu faɗi gaskiya a kan ayyukan da aka gani a duniya, mu kuma san lokacin faɗarta.

A kan wannan Littafi Mai Tsarki ya bar mana gurbi mai kyau. Sarki Saul ya yi shekaru yana farautar Dawuda kamar nama, ya jefe shi da māshi, ya sa aka karkashe firistoci 85 na garin Nob, daga ƙarshe ya tafi wurin mai duba da dare. Da ya mutu a kan dutsen Gilbowa wani mutum ya sheƙo wurin Dawuda da labari, yana tsammanin tukuici. Dawuda ya yage tufafinsa, ya yi azumi har maraice, ya yi wa Saul waƙar makoki. A cikinta ya ambaci jaruntakarsa da wadatar da ya kawo wa jama'a, bai ambaci māshin ba. Amma ku karanta waƙar a farkon Littafin Sama'ila na Biyu ku gani, ko sau ɗaya bai kira shi adali ba, bai ce ya bi Allah da zuciya ɗaya ba. Ya zaɓi abin da ke gaskiya mai kyau ya faɗa, sauran ya yi shiru a kai domin ranar ta makoki ce. Māshin kuwa a kansa aka jefa, shi ke da ikon ya bar maganarsa. Duk da haka marubutan tarihi ba su shafe kome ba, labarin Nob yana nan a rubuce kowa ya karanta.

Shi kansa Dawuda ba a rufa masa ba. Sarki ne mai girma, mai zabura, kakan Almasihu bisa ga jiki, amma an rubuta filla-filla yadda ya ɗauki matar sojansa Uriya, ya kuma sa aka ajiye mijin a bakin dāga domin a kashe shi. Marubucin Littafin Sarakuna, sa'ad da ya ke yabon Dawuda shekaru bayan mutuwarsa, sai da ya tsaya ya keɓe al'amarin Uriya. Matta kuma, da ya zo lissafin asalin Yesu, bai kira uwar Sulemanu da sunanta ba, da sunan mijinta na fari ya ambace ta. Da maroƙan fada ne suka rubuta littafin da tuni sunan Uriya ya ɓace. Ga shi kusan shekara 3,000 ana karanta sunan wannan baƙon soja tare da na sarkin da ya cuce shi.

Ya zuwa nan darasin bai yi nauyi ƙwarai ba, gama ɗan ƙwallo na nesa ne, faɗin laifinsa ba ya taɓa mu. Bari mu shigo cikin gida, inda maganar ta ke da ɗaci.

Ravi Zacharias an haife shi a Madras ta ƙasar Indiya a 1946. Bisa ga shaidarsa, yana da shekara 17 ya yi ƙoƙarin kashe kansa, a gadon asibiti ya ba da gaskiya ga Almasihu. Ya ƙaura zuwa Kanada, daga baya Amurka, a 1984 ya kafa ƙungiyar wa'azi mai ɗauke da sunansa. Ya zaga ƙasashe da yawa yana amsa tambayoyin masu shakka a jami'o'i, ya rubuta littattafai masu yawa, mutane ba iyaka sun ce ta bakinsa suka sami haske. Ya mutu da ciwon daji a Atlanta ran 19 ga Mayu, 2020. A taron tunawa da shi har mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Mike Pence, ya tashi ya yi jawabin yabo, aka watsa taron duniya tana kallo.

Cikin masu kallo akwai wata mace mai sana'ar tausa, wadda mutumin nan ya ci zarafinta. Ta zauna tana jin manya suna kiransa bawan Allah, babu wanda ya san da ita. Yabon nan ne ya sa ta kasa haƙuri ta buɗe baki. A watan Satumba na shekarar mujallar Christianity Today ta buga shaidar mata uku da suka yi aiki a gidajen tausa da ya ke da hannun jari a ciki. Ƙungiyarsa ta ɗauki lauyoyi daga waje su bincika, a watan Fabrairu na 2021 rahotonsu ya fito, ya tabbatar da abin. An sami hotunan mata wajen 200 a wayoyinsa. An ga ya yi amfani da kuɗin da masu bi suka bayar domin taimako yana jawo matan da ke cikin bukata. Wata ta shaida cewa ya gargaɗe ta, in ta tona, rayukan miliyoyin da za su fāɗi saboda ɓacin sunansa suna wuyanta. Ikkilisiyar da ta naɗa shi ta janye naɗin bayan mutuwarsa, masu buga littattafansa suka daina sayar da su.

Ku dubi gargaɗin nan da ya yi wa matar. Lissafin ɗan kasuwa ne tsantsa, miliyoyi a gefe guda, mace ɗaya a gefe guda. Da wannan lissafi ya rufe bakinta yana da rai, da shi kuma waɗansu masu bi suka so su rufe bakinta bayan ya mutu, suna cewa a bar matacce ya huta, a tuna da aikin da ya yi. Har akwai abin da ya fi wannan muni. Tun a 2017 wata mace 'yar Kanada ta kawo kuka a kansa. Ya kai ta kotu ya ce kuɗi ta ke nema, aka sasanta bisa sharaɗin ta yi shiru, ƙungiyarsa ta tsaya a bayansa ba tare da binciken kirki ba. Sai a 2021 shugabannin ƙungiyar suka fito suka nemi gafararta, suka ce sun gaskata ta. Shekarun nan duka tana yawo da sunan maƙaryaciya a bakin mutanen da su ke kiran sunan Almasihu.

Wani zai ce, ashe ba a yabi 'ya'yan Nuhu biyu ba domin sun rufe tsiraicin ubansu sa'ad da ya bugu, aka kuwa la'anci zuriyar wanda ya fita yana ba da labari? Haka ne, rufin asiri kuwa hali ne mai kyau, mutanenmu sun san darajarsa. Amma Nuhu cikin alfarwarsa ya ke kwance, kunyarsa ce shi kaɗai, babu wanda ya ke kuka a ƙarƙashin mayafin da aka rufa masa. Inda akwai wanda aka zalunta, mayafin da ka rufa wa azzalumi a kan bakin wanda aka zalunta ya ke sauka. A irin wannan wuri Allah bai aiko da mayafi ba, annabi Natan ya aiko, ya shiga fada ya nuna sarki da yatsa. Kafin ka ce a rufa, ka tambaya tukuna, wa zai shaƙe in an rufa?

Kada kuwa wannan labari ya girgiza bangaskiyarku, ku sababbi. Gaskiyar da mutumin nan ya faɗa game da Almasihu ba tasa ba ce, ba ta kuwa ruɓe domin shi ya ruɓe ba. Wanda ya sami ceto ta wurin wa'azinsa, Almasihu ne ya cece shi, ba mai wa'azin ba. Ruwa ya kan bi ta tsatsattsen bututu ya kai ga mai ƙishi. Amma ba a ɗaukar bututun a rataye a bango ana yi masa kirari. A ganina littattafansa ba abin miƙa wa sabon mai bi ba ne yanzu, ba kuwa abin ɗaga wa a kan bagade ana cewa babban bawan Allah ya ce ba, gama mai yiwuwa ne a cikin masu sauraronka akwai wadda wani mai riga irin tasa ya taɓa cuta, tana kuwa auna ko ikkilisiya wurin fakewa ce.

To, in rasuwar wani mashahuri ta zo gobe, ko a ƙasarmu ko a wata, ka fara da riƙe harshenka da yatsanka kwana kaɗan. Labarin farko ya kan zo da ƙura, wanda ya yi saurin turawa ya kan tura ƙarya. In kana kusa da iyalinsa ka tafi gaisuwa kamar yadda aka saba, ka ce Allah ya ba da haƙuri, ka zauna tare da su. Gidan makoki ba ɗakin shari'a ba ne, gwauruwa da marayu ba su ne suka yi laifin ba. In an ce ka yi magana, ka nemi abin kirki wanda ka tabbata gaskiya ne ka faɗa, kamar yadda Dawuda ya yi, ko da guda ɗaya ne. Ka ce ya iya sana'arsa, in ya iya. Ka ce ya ciyar da mutane, in ya ciyar. Amma kada ka ce bai taɓa cutar kowa ba alhali ka san ya cuta, gama ƙarya a bakin kabari ƙarya ce, wanda aka cuta kuma yana iya kasancewa a zaune a bayanka a kan tabarma ɗaya.

Bayan kwanakin makoki, in yaronka ya tambaye ka wane ne Maradona, ka nuna masa cin nan na biyu ya sha mamaki, ka bar shi ya yi murna da abin da Allah ya sa a ƙafar ɗan Adam. Sa'an nan ka nuna masa na farkon, ka gaya masa sunan abin, ha'inci, ka kuma gaya masa labarin yaron Napoli. Yaro yana iya riƙe biyun tare, manya ne su kan ce sai ɗaya.

Ku kuma dattawan ikkilisiya da za ku karanta wa jama'a wannan takarda, akwai kashin da ya ke naku. In wata mace, ko wani yaro, ya zo muku a ɓoye da kuka a kan wani babba mai suna wanda ya ke da rai yanzu, kome yawan waɗanda ya yi wa baftisma, kome girman ginin da ya gina, ku zaunar da mai kukan ku ji shi har ƙarshe. Kada ku aika da shi wurin wanda ya ke ƙara domin su sasanta. Ku sa waɗanda ba sa cin abinci daga hannun babban su bincika, in kuwa abin ya shafi dokar ƙasa, ku raka mai kukan wurin hukuma da ƙafarku.